Malama Barira Ta Kalli Kyamara

Malama Barira ta shekara talatin tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, kuma duk Roni an san ta da ido. In ta tsaya gaban allo ta zuba wa yarinya shi, ko ba ta yi laifi ba sai ta fara laluben abin da ta yi. Iyayen yara ma ba su tsira ba. Mutum ɗaya ne a duniya wannan idon bai taɓa sauka a kansa ba, shi ne Nuruddeen, ɗanta na fari.

Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. Tana yaye shi yayar mijinta, Goggo Ma'u, ta zo daga Gwiwa ta goya shi ta tafi, can ya tashi. In ya zo hutu ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon tsintsiya ko bakin murhu. Sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. In za ta aike shi sai ta ce da ƙanwarsa, "Lailatu, ce wa yayanku ya ɗebo ruwa," alhali ga shi nan zaune kusa da ita. Shi ma bakinsa bai iya Umma ba kamar sauran 'ya'yan gidan. Malama yake cewa, yadda ɗalibai ke cewa. Mutane suna yaba mata wannan kara, suna cewa yanzu an daina irinta. Ba wanda ya taɓa tambayar Nuruddeen yadda abin yake a wajensa, shi kuma ga shi har ya yi gemu bai daina jin ciwonsa ba.

Bayan ta yi ritaya, maigidanta kuma ya rasu, sai aka zaci za ta huta. Ina. Tsofaffin ɗalibanta da suka yi aure a Babura da Gwiwa da 'Yankwashi, waɗanda lissafi ya kayar a jarrabawar fita sakandare kuma suke son sake zama, su suka hana wayarta sanyi. Wannan ta kira tana goyo, waccan ta kira tana tuƙa tuwo. Da abin ya yi yawa sai Lailatu ta ba da shawarar a riƙa ɗaukar darasin a waya, a tura musu gaba ɗaya.

Ɗaya daga cikin waɗannan hotunan ne ya zagaya har ya faɗo wayar Nuruddeen a Kazaure, inda yake aiki a shagon Silvanus, mai ɗaukar bidiyon biki da na makarantu. Ya kalla, ransa ya ɓaci. An tsayar da ita taga na bayanta, ta zama baƙin inuwa. Hannun Lailatu na rawa, allon na ƙyalli ba a ganin abin da ke kansa, injin niƙan maƙwabta kuma ya fi malamar baki. Matar da ta koyar da rabin garin, aka mayar da ita haka.

Ranar Asabar ya ɗaure kaya a bayan babur ya nufi Roni. Ya durƙusa a tsakar gida ya gaishe ta, ta amsa wa kwanon da ke gabanta. Ya ce, "Malama, na zo da kayan aiki ne. Idan kin yarda, ni zan riƙa ɗaukar darasin."

Ta ce, "Lailatu, me ya samu namu da muke yi?"

Lailatu ta yi dariya ta ce, "Umma, ga shi nan fa a gabanki."

"Ke nake tambaya."

Nuruddeen ya ce, "Ba a ganin allon, Malama. Kuma ba a jin ki."

Wannan ce ta kama ta. A ce ba a jin ta. Sai ta ce, "To, ce wa yayanku ya yi yadda ya gani."

Ya wuni yana gyaran ɗakin marigayi Baba. Ya juya kujerar yadda hasken taga zai sauka a fuskarta ta gefe, ya rataya farin zani a ɗaya ɓangaren don ya maido hasken. Ya sake wa allon baƙin fenti mara ƙyalli. Ya tafa hannu a tsakiyar ɗakin, ya ji bango na maido da ƙara, sai ya kwaso barguna da tsofaffin labule ya lulluɓe bangon da su, har Lailatu ta tambaye shi ko ɗakin ne ke zazzaɓi. Ya kafa kyamara a kan mariƙinta mai ƙafa uku, daidai tsayin idon Malama. Ya fito da ɗan makirfo wanda bai wuce gyaɗa ba, ya nuna wa Lailatu inda za ta maƙala shi a gefen hijabi, inda yadi ba zai goge shi ba. Ya kuma roƙa a taƙaita kowane darasi, abu ɗaya a koyar a tashi, saboda matan da za su kalla da guntun data suke lallaɓawa, wasu ma sai sun fita bayan gida suke samun sabis.

Malama ta yi ta tsaki, amma ta bi. Aka ɗauki darasi uku da hantsi, kafin rana ta yi zafi.

A shago Silvanus ya jawo kujera suka kalla tare. Mutumin kudu ne, amma ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari tsami. Ya ce haske ya yi, murya ta fita tar. Sai ya karkata kai ya ce, "Amma Nura, Mama wa take kallo? Akwai wani a ƙasan tebur ne?"

Gaskiya ce. Tun daga farkon darasi har ƙarshe idonta na kan alli, ko kan tabarma, ko kan ƙusar da ke jikin ƙofa. Silvanus ya ce, "Ɗalibar da ke riƙe da waya ita kaɗai ce a ɗakinta. In malama ba ta kalle ta ba, za ta ajiye ta koma wanke-wanke. Ka gaya mata ta kalli cikin gilashin kyamarar nan, shi ne idon yaran."

Nuruddeen ya san dalili. Shi ne ke tsaye a bayan gilashin.

Sati na gaba ya gwada dabaru. Ya liƙa jar takarda a saman kyamarar ya ce nan za a kalla. Ya tsayar da Lailatu a gefensa. Ya ma durƙusa ya ɓoye kansa a bayan mariƙin, kamar ƙafa uku na ƙarfe za su ɓoye ƙato irinsa. Malama ta ɗago ido, ya zo daf da inda yake, sai ya zame ya koma allo. A ransa yana cewa don ɗalibai yake wannan naci, kuma da gaske don su ne, amma ba su kaɗai ba.

Wata rana ana tsakiyar ɗauka injin niƙa ya tashi. Nuruddeen ya fita ya je ya roƙi mai injin ya ɗan saurara, ya manta bai tsayar da kyamara ba. Mai injin mutum ne mai dogon zance, sai da ya ba shi tarihin injin tun daga ranar da aka sayo shi. Ko da ya dawo Malama ta gama darasin ita kaɗai, tana karkaɗe alli daga hannunta.

Da ya buɗe hoton a shago, ya ga kansa yana fita daga ɗakin, ya ji ƙarar ƙofa. Sai Malama ta gyara zama ta ɗago kai, ta dubi cikin gilashin sosai, ta ce, "To, ki ajiye abin da ke hannunki ki saurare ni." Nuruddeen ya ji hannunsa ya saki linzamin kwamfutar da kansa. Ashe haka idon yake. Akwai ɗan ɗigon baƙi a farin na hagu, bai taɓa sani ba. Kuma ba tsoro kawai ke cikinsa ba, in ta zo wurin da ta san yara na tuntuɓe sai ya yi laushi, kamar tana cewa ba komai, mu sake. Ya mayar da wurin baya ya sake kallo, ya kuma sakewa, har Silvanus ya leƙo ya ce, "Yawwa, yanzu Mama ta zo. Me ka yi mata?"

Ya ce, "Fita na yi."

Daga nan aiki ya samu tsari. Ya zo ya daidaita haske, Lailatu ta maƙala makirfo, ya danna, su fita su ja ƙofa. Shi ya zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida yana korar awaki da masu talla, har sai Lailatu ta leƙo ta ce an gama. Darussan suka yi kyau, suka bazu. Mata daga garuruwan da Malama ba ta taɓa zuwa ba suka riƙa aiko da gaisuwa. Ana ta yi wa Nuruddeen barka da iya aiki, shi kuwa ya san iya aikin nasa bai wuce barin ɗakin ba.

Wata safiya yana ɗaura kyamara, ta ce, "Lailatu, tambayi yayanku. Wannan abin da ake ɗauka, wa ke fara ganinsa?"

Ya ce, "Ni ne, Malama. Ni kaɗai nake gani, in gyara, sannan a tura."

"In na cire wannan ɗan abin na wuyana fa?"

"Ba za a ji komai ba. Na kashe kunnen kyamarar saboda hayaniyar unguwa, da wannan kaɗai take ji. In kin gama sai ki cire a hankali, ki kashe shi, ki ɗora a tebur. Hoton dai zai ci gaba har in shigo."

Ta gyaɗa wa allo kai.

Da damina ta kankama ƙafafunta suka fara kumbura. Likita a Kazaure ya ce zuciya ce, ya hana ta tsayuwa da gishiri da yawan magana. Ta bar gishirin. Nuruddeen ya sauko da allon ƙasa don ta iya rubutu daga zaune, ya rage tsayin kyamara, ya matso da farin zanin don ya cike ramin da ya fara bayyana a ƙarƙashin idanunta. In numfashi ya yanke mata a tsakiyar jimla, sai ya yanke wurin a kwamfuta ya haɗa bakin maganar, ba wanda zai gane. A waya Malama lafiyarta ƙalau. Wasu ranakun ruwa ya hana, don ba bargon da zai tare ƙarar ruwa a kan kwano, sai su zauna su ukun suna jiran ya ɗauke, ita da Lailatu suna hira, shi yana goge gilashin da ba shi da datti.

Akwai ranar da Lailatu ta tafi karɓo magani ba ta dawo da wuri ba, haske kuma na shirin gushewa daga taga. Dole shi ya maƙala makirfon. Ya matso ya tsuguna a gabanta. Rabonsa da kusantarta haka tun bai san kansa ba. Ya ji ƙanshin man da take shafawa, ya ji numfashinta na fita da ƙyar. Ta kau da kai ta fuskanci bargon bango. Ya yi ta ƙoƙari, makirfon ya ƙi kamawa.

Ya ce, "Malama, ko sau ɗaya…"

Ta tsaya tana jira. Ya ga jijiyar wuyanta na bugawa.

Ya ce, "Ko sau ɗaya ki ɗan ɗaga haɓa. Saboda haske."

Ta ɗaga. Ya maƙala, ya danna, ya fita ya zauna a ƙarƙashin darbejiya, ya daɗe bai kori akuya ko ɗaya ba.

Darasin ƙarshe da suka ɗauka a kan kusurwoyin alwatika ne. Kwana biyu bayansa aka ɗauke ta a mota zuwa asibiti a Kazaure. Nuruddeen ya yi ta zirga-zirga tsakanin ɗakin magani da bakin gado. Ya riƙa tsayawa ta wajen ƙafafunta, inda in ta buɗe ido dole ta gan shi, yana tunanin ko ciwo zai sa ta manta da kunya. Bai sa ba. In ta farka ta ji yana wurin sai ta juyar da kai wajen Lailatu. Maganarta ta ƙarshe a kansa ma ta hannun Lailatu ta biyo: "Ce wa yayanku ya gama gyaran na ƙarshen nan ya tura. Kada a bar su a rabin hanya." Washegari da hantsi ta cika.

Aka kai ta Roni aka yi mata sutura. Mata suka cika gidan, har da waɗanda ba su taɓa ganinta ba sai a waya. Wata daga Babura ta ce wa Goggo Ma'u, tana kuka, ita fa in Malama ta kalle ta daga cikin wayar nan ji take kamar uwarta ce. Nuruddeen yana zaure yana karɓar gaisuwa, maganar ta iso kunnensa. Ya ji kishin matar da bai sani ba, ya kuma ji kunyar kishin.

Sai bayan sadakar bakwai ya iya komawa shago. Silvanus ya ga abin da ya buɗe a kwamfuta, sai ya ɗauki hularsa ya ce zai je duba wani aiki.

Yadda Nuruddeen ke gyara, ba hoton yake bi ba in an zo ƙarshe, layin murya yake bi. A ƙasan hoton akwai zane mai hawa da sauka, in mutum na magana ya yi tsalle, in ya yi shiru ya kwanta. Inda Malama ta yi sallama ta cire makirfo zanen ke miƙewa, nan yake sa wuƙa ya yanke, ya jefar da ragowar. In ya tura darasi kuma sai ya goge ɗanyen hoton don katin kyamara ya samu wurin na gaba. Haka Silvanus ya koya masa, haka kowa ke yi, ba wanda ke zama kallon kujera da tebur.

Ran nan dai bai iya yankewa ba. Ta yi sallama, ta ce su yi aikin da ta ba su kada su yi ha'inci, ta sa hannu ta cire makirfon, ta kashe shi, ta ɗora a tebur a hankali yadda ya ce. Layin ya miƙe. Ya bar hoton yana tafiya, don ya san daga wannan babu wani.

Ba ta kira Lailatu ba. Ta zauna tana maida numfashi. Ta gyara hijabinta, ta goge allin da ke yatsunta a jikin zani. Sannan ta ɗago ta kalli gilashin. Ba irin kallon darasi ba ne, babu ɗaliba a cikinsa. Ta daɗe a haka. Sai leɓɓanta suka motsa, a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Ko kurma ya ga wannan bakin ya san abin da ya faɗa. Nuruddeen, ta ce. Ta ɗan tsaya, ta sake faɗa. Ta yi ɗan murmushi irin na wadda ta yi ɓarna ba a kama ta ba, sannan ta juya wajen ƙofa ta yi kira.

Ya ƙure ƙarar na'urar har ƙarshe. Ya sa abin ji a kunne ya danne da hannu biyu. Babu komai, ko hucin iska. Shi da kansa ya kashe kunnen kyamarar don kada injin niƙa ya ɓata wa Malama darasi.

Ya ɗauki waya ya kira Lailatu. Da ƙyar ya haɗa tambayar. Ya ce, "In Malama ta gama darasi, nan take take kiran ki?"

Lailatu ta ce, "A'a. Ai takan ɗan jima. Ina jin ta yi sallama ta bakin ƙofa, sai shiru, sai can ta kira. Na taɓa shiga da wuri ta kore ni, ta ce in jira tukuna."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ta tambaye ka wa ke fara gani. Kullum ne, Yaya. Na ɗauka hutawa take yi. Lafiya?"

Ya ce lafiya, ya ajiye wayar. Ya buɗe ma'ajiyar kwamfutar duk da ya san abin da zai tarar. Darussan na nan jere, tsaf-tsaf, kowanne ya ƙare daidai kan sallama. Duk daminar nan tana kiransa, shi kuma yana zuwa shagon nan ya yanke ya zubar bai duba ba. Kuma duk Asabar in ya durƙusa ya gaishe ta, ba ta san ko ya kalla ko bai kalla ba, kuma ba ta da bakin tambaya.

Ya gyara darasin kusurwoyin alwatika, ya yanke shi a kan sallama, ya tura wa matan kamar yadda ta ce. Ragowar ya ajiye shi daban. Ya tashi ya rufe ƙofar shagon, ya dawo ya janye kujera, ya durƙusa a ƙasa gaban teburin yadda yake durƙusa mata a tsakar gida. Ya danna. Ta goge yatsunta, ta ɗago ido, bakinta ya motsa.

Ya ce, "Na'am, Umma."